Makaɗin Jita Ɗan Ci-rani: Daga Sakkwato Zuwa Amurka

Cikin shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine, bahago, ya tsallako iyaka daga Jamhuriyar Nijar ya shigo birnin Sakkwato. Ya nemi ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan nan na ɗaukar murya inda samari ke buga waƙoƙin zamani da fiyano da kwamfuta, ya ɗauki waƙoƙinsa, ya koma gida abinsa. A lokacin babu wani babban kamfanin faifai da ya san da zamansa a duniya. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, watau Muhammadu Sulaimanu, amma sunan da ya bi shi shi ne Mdou Moctar. Yau manyan jaridun Amurka da na Ingila suna lissafa shi cikin gwanayen makaɗan jita na kiɗan rok.

Mun kawo labarinsa a wannan shafi ne domin rayuwarsa ta yi kama da tamu, mu mutanen Arewa mazauna Kurmi. Mutum ne da abincinsa yake nesa da gidansu. Yakan bar iyali wata da watanni, ya kwana yau nan gobe can, ya tara abin da ya samu ya kai gida, kuma duk inda yake hankalinsa yana wajen mutanensa. Bambancinsa da mai sayar da goro a Agege ko ɗan tireda a Sabo ta Badun, shi hajarsa jita ce.

ROK BA BAƘO BA NE A IKKO

Kiɗan rok, ga wanda bai sani ba, kiɗa ne na jita mai aiki da lantarki. Akasari mutum huɗu ke yinsa: mai babbar jita wanda ke jan gaba, mai jita ta biyu da ke riƙe masa amo, mai jitar bes mai kaurin murya, sai mai ganguna. A Amurka ya samo asali cikin shekarun 1950, daga kiɗan baƙar fata, sa'an nan samarin Ingila suka karɓa suka yaɗa shi duniya.

Dattawan da suka riski Ikko bayan yaƙin basasa za su tuna zamanin da wannan kiɗa ya cika gari. Ginger Baker, mashahurin makaɗin gangunan nan na Ingila, ya zo ya zauna a nan har ya kafa ɗakin ɗaukar murya a Ikeja, kuma cikin 1972 ya kwashi samarin Nijeriya ya yi rangadin Turai da Amurka da su. Cikinsu akwai Berkley Jones da Laolu Akins, waɗanda da suka dawo suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa ƙungiyar BLO. 'Yan makarantar St. Gregory da ke Obalende kuwa suka kafa Ofege, faifansu ya shiga ko'ina. Cikin 1973 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da kansa ya zo ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa ya ɗauki faifansa mai suna Band on the Run. Arewa ma ba a bar ta a baya ba: Bongos Ikwue ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, marigayi Bala Miller kuma ya kafa babbar ƙungiyarsa a Kaduna yana rera waƙoƙin zamani da Hausa.

To, amma wannan kasuwa ba ta ɗore ba. Tattalin arziki ya karye, masu satar kaset suka cinye ribar, manyan kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu suka tafi wajen ƙarshen shekarun 1980. Jitar da ta yi shiru a Ikko, sai ga ta ta ɓullo daga inda ba a zata ba, watau daga hamada.

JITAR WAYAR BIRKI

Abzinawa, waɗanda muka fi sani da Buzaye, ba baƙinmu ba ne. Fari na 1973 da na 1984 ya kashe musu raƙuma da awaki, ya tarwatsa su. Waɗansu suka gangaro Kano da Kaduna da Ikko suka kama aikin gadi, waɗansu suka nufi Aljeriya da Libiya. A can ne samarinsu marasa aikin yi suka ɗauki jita suka ɗora mata amon kiɗansu na gargajiya, irin na tende, wanda mata ke yi da turmi da aka rufe bakinsa da fatar akuya. Suna kiran wannan sabon kiɗa asuf, ma'anarsa kewa da begen gida. Ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ita ce uwa a wannan fage, har ta ci lambar Grammy ta Amurka cikin 2012. A Nijar kuwa jagoran shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda kaset-kaset ɗinsa ke yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995.

An haifi Mdou Moctar a jihar Tawa wajen tsakiyar shekarun 1980, cikin gidan da ke riƙe da addini sosai, inda ba a ɗauki kiɗa sana'ar ɗan mutunci ba. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa a bainar jama'a, daga ranar kuwa zuciyarsa ta kamu. Ba kuɗin sayen jita, ba mai saya masa. Sai ya sami katako ya sassaƙa, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita, ya riƙa koyo a ɓoye. Da yake bahago ne, kuma ba malamin da ya zaunar da shi, sai hannunsa ya tashi da wani irin salo nasa na kansa, yatsa na yawo bisa tsirkiya da sauri kamar mai kaɗa gurmi.

Kamar sauran samarin yankinsu, shi ma ya taɓa ci-rani a Libiya yana aikin ƙarfi. Da ya dawo ya shiga sahun masu kiɗan biki. A ƙasar Abzin biki shi ne makarantar makaɗi, shi ne kuma kasuwarsa. Akan shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareto, a jona lasifika, jama'a su kewaye, samari a kan babura, a yi ta kiɗa ana rawa ana liƙi. Ƙungiyoyi suna da yawa a Agadas, gasa kuwa mai zafi ce, wanda hannunsa bai faɗa ba ba mai sake gayyatarsa. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda 'yan gida ɗaya suka kafa cikin 1995, da Bombino, wanda ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin takarar Grammy, duk daga wannan fili suka fito.

ABIN DA SAKKWATO TA ƘARA MASA

Mai karatu zai tambaya, me ya kai makaɗin Abzinawa Sakkwato? Amsar tana kan hanya. Titin da ya taso daga Agadas ya bi ta Abalak da Tawa ya faɗo Birnin Ƙonni, daga nan kuwa tsallake ɗaya ne zuwa Illela, sai Sakkwato. A wancan lokaci finafinan Hausa na Kano sun mamaye Nijar, waƙoƙinsu na cikin kowace mota da kowane shago, kuma ɗakunan ɗaukar murya masu araha sun yawaita a biranen Arewa.

Faifan da ya ɗauka a Sakkwato sunansa Anar. Masu ɗakin sun yi masa aiki irin wanda suka saba yi wa mawaƙan fim: ganga ta kwamfuta, da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta mai da ita siririya tana rawa. Da aka haɗa wannan da jitar hamada da harshen Tamashek, sai aka sami wani abu sabo wanda kunne bai saba ji ba. Ba a kai faifan kanti ba, ba a yi masa talla ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta hanyar bulutut da katin memori, direba ya ba fasinja, fasinja ya ba mai shayi, har ya kai arewacin Mali. Dubban mutane suna sauraron waƙar ba su san mai ita ba, shi kuma ko anini bai shiga aljihunsa ba.

BAƘO DAGA PORTLAND

Ana nan sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, ya zauna a garin Kidal na ƙasar Mali yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane. Cikin abin da ya kwasa akwai wata waƙa daga faifan Sakkwato mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar cikin 2011, mai suna Music from Saharan Cellphones, watau waƙoƙi daga wayoyin Sahara. Abin yabo ga wannan Bature shi ne bai tsaya nan ba, sai da ya bi sawun masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya domin ya biya su haƙƙinsu. Da ya sami lambar Mdou ya buga masa, shi Mdou ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke yi masa ba'a.

Daga baya Kirkley ya zo Nijar da kansa, ya kawo masa jita irin ta bahagwai, abin da ke da wuyar samu a ƙasar. Cikin 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a garin Cintabaradan. A shekarar nan kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano, don Turawa su ji irin kiɗan da ya yi wa Anar ado. Cikin 2014 aka buga Anar a kan faifan garmaho, Mdou kuma ya fara fita wasa Turai.

Cikin 2015 suka fitar da fim a Agadas, wanda suka gina bisa fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Mdou ne tauraron, yana yawo a kan babur da jita a baya, yana fama da abokan gasa da uban da ba ya son kiɗa. Sunan fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin masu fim ɗin sun ce ba su sami kalma guda ta launin shunayya a Tamashek ba.

MUTUM HUƊU, ƘASA BIYU

Makaɗin rok ba ya tashi shi kaɗai, kamar yadda sarkin kiɗa ba ya yi sai da 'yan amshi. Ƙungiyar da ta kai sunan Mdou ko'ina mutum huɗu ce. Akwai Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, wanda suka daɗe tare, kuma shi ne ya taimaka wajen tashin ƙungiyar mata ta Les Filles de Illighadad. Akwai Souleymane Ibrahim mai ganguna. Na huɗunsu Ba'amurke ne, Mikey Coltun, mai jitar bes, wanda ya haɗu da su lokacin rangadinsu na farko a Amurka cikin 2017, ya zama kuma shi ne mai tsara musu ɗaukar faifai.

Dubi wahalar da ke cikin wannan haɗi. A wancan lokaci, in za su yi gwajin sababbin waƙoƙi a gida, sai Coltun ya taso daga New York a jirgin sama zuwa Yamai, sa'an nan ya shiga bas ya yi tafiyar da takan ci sa'o'i 28 kafin ya isa Agadas. Wanda ya taɓa shiga mota daga Ikko zuwa Mutum Biyu ko Jalingo ya san abin da irin wannan zama ke yi wa ƙugu. A lokacin, in kuma su ne za su fita, sai su yi wannan tafiya zuwa Yamai, su yi ta zirga-zirgar neman biza, wadda ba a ba makaɗi sai wani kamfani a can ya tsaya masa ya nuna takardun wuraren da zai yi wasa.

Faifansu na farko a matsayin cikakkiyar ƙungiya shi ne Ilana, wanda suka ɗauka a birnin Detroit aka fitar cikin 2019. Daga nan kamfanin Matador na New York ya ɗauke su. Afrique Victime ya fito cikin watan Mayu 2021, kuma yadda aka ɗauke shi ya isa ya nuna irin rayuwarsu: wani yanki a ɗakin ɗaukar murya, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandali kafin a fara wasa, wani kuma a gida Nijar. Inda dama ta samu nan ake kafa na'ura.

KUƊIN YANA KAN HANYA

Mutane da yawa in sun ga hoton makaɗi a jaridar Turawa sai su ce ai wane ya haye. Gaskiyar maganar ita ce, a wannan zamani sayar da waƙa ba ya ciyar da ƙungiya. Abin da kamfanonin saurare ta intanet ke biya kan kowace waƙa bai taka kara ya karya ba. Kuɗin yana wajen wasa a gaban jama'a, da sayar da riguna da faifan garmaho a bakin ƙofa bayan an tashi.

Saboda haka dole a yi ta tafiya. Rangadi guda yakan ɗauki makonni: a yi wasa da dare, a kwashe kaya a loda a mota, a kwana a otal, da safe a kama hanyar wani gari mai nisan ɗaruruwan mil, a sauke kaya, a gwada lasifika, a sake hawa dandali. Daga abin da aka samu za a fitar da kuɗin jirgi, da hayar mota, da mai, da masauki, da ladan dillalin da ya shirya wasannin. Bugu da ƙari, dokar harajin Amurka takan yanke kashi 30 cikin 100 na kuɗin baƙon makaɗi tun daga tushe, sai fa in an yi wata yarjejeniya da hukumar haraji tun da wuri. Abin da ya saura shi za a raba, kowa kuma akwai bakuna da yawa da ke jiransa a gida.

Duk da haka Mdou bai canza kamanninsa ba. Da rawaninsa da doguwar rigarsa yake hawa dandali, ko a babban bikin kiɗa na Coachella da ke jihar Kalifoniya, inda suka yi wasa cikin 2024. Da harshen Tamashek yake waƙa ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya. In ya koma gida kuma yakan yi kiɗan biki kamar da, yana kuma sa kuɗinsa wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa.

JUYIN MULKI YA RUTSA DA SU

Ran 26 ga watan Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. A ranar ƙungiyar tana tsakiyar rangadi a Amurka. Kafin su gama, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, an rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ta, ana ta maganar yaƙi, sojojin kuma suka rufe sararin samaniyar ƙasar. Mdou da Ahmoudou da Souleymane suka wayi gari ba hanyar komawa, iyalansu na can, su suna nan, ga tsadar zama a Amurka. Sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet don su sami abin biyan masauki da abinci.

Duk wanda rikici ya taɓa rutsawa da shi a Kurmi, hanya ta rufe, yana jin labarin gida a rediyo kawai, ya san irin wannan zullumi. Su dai ba su zauna jugum ba. Suka shiga wani ɗakin ɗaukar murya a unguwar Brooklyn, suka ajiye jitar lantarki suka ɗauki ta katako, suka zauna wuri ɗaya suka sake buga sababbin waƙoƙinsu a hankali cikin kwana biyu. Da aka buɗe sararin samaniya cikin watan Satumba hanyar gida ta samu. Wannan aiki shi ne ya fito cikin Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice, watau hawayen zalunci.

Asalin waɗannan waƙoƙi kuwa suna cikin Funeral for Justice, ma'ana jana'izar adalci, wanda suka ɗauka cikin kwana biyar a wani gida a jihar New York tun kafin juyin mulkin, aka fitar ran 3 ga Mayu 2024. A cikinsa Mdou ya fuskanci ƙasar Faransa kai tsaye. Tun daga 1971 aka kwashe shekaru da dama ana haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana samun lantarki, alhali kuwa yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Ya kuma ja kunnen shugabannin Afirka, ya roƙi 'yan'uwansa Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin 'ya'yansu. Wannan gargaɗi na ƙarshe ya shafe mu, mu da 'ya'yanmu ke tasowa a Idi-Araba da Shagamu da Fatakwal, Hausar waɗansunsu tana neman gagararsu.

ABIN LURA

Akwai darasi biyu a nan. Na farko na iyaye ne. Ba laifi ba ne uba ya ji tsoron kada ɗansa ya lalace a hanyar kiɗa, domin an ga waɗanda shaye-shaye da sharholiya suka hallaka. Amma ga yaron da aka hana, ya sassaƙa jitarsa da hannunsa, ya girma bai yar da rawaninsa ba, yana shayar da ƙauyuka ruwa. Abin da ya kamata a duba shi ne halin yaro da abin da yake faɗa da baiwar da Allah ya ba shi.

Na biyu na mawaƙanmu ne da hukuma. Waƙar da aka ɗauka a Sakkwato ta yi shekaru tana yawo a wayoyi kyauta, sai da wani ya taso daga Portland kafin mai ita ya ga ladan guminsa. Yau ma a kowace tasha, daga Mile 12 har Mutum Biyu, akwai masu tura waƙa a waya suna karɓar kuɗi, mawaƙin kuwa ko labari ba ya ji. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu cikin 2023, amma doka a takarda ba ta cika tumbi. Wajibi ne mawaƙa su haɗa kai, su rubuta yarjejeniya kafin su shiga ɗakin ɗaukar murya, su san wanda ya mallaki aikinsu, masu turawa kuma a shigo da su cikin tsari su riƙa biyan wani abu. Ɗakunan da suka gyara muryar Mdou Moctar irinsu suna nan birjik a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, kuma ba wanda ya san yaron da zai shiga ɗaya daga cikinsu gobe.

Allah ya ba kowane mai nema sa'a, ya kuma mai da kowane matafiyi gida lafiya.